Gyaran kifin roba na saman ruwa: daga bokiti zuwa bakin kogi

Kifin roba na farko da na lalata, ruwan shayi ne ya ci shi. A tarkacen wani mai gwanjo na tsince shi, cikin kwali ɗaya da tsofaffin cajojin waya, ƙugiyoyinsa sun yi jajur da tsatsa. Na taɓa jin cewa in kana son gane inda yake shan ruwa sai ka tsoma shi a ruwan ɗumi. Ni kuwa da ɗoki sai na juye masa tafasasshen ruwa daga buta. Kafin in ƙirga goma ya kumbura kamar ƙosai a mai, ya tsage tun daga wuya har wutsiya.

Ga wanda bai saba da fatsar zamani ba, abin da ake magana a kai koto ne na ƙarya, na roba ko na katako, wanda ba ya nutsewa. Ana jefa shi, ya tsaya a saman ruwa, mai sanda ya riƙa fizgarsa yana motsi kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni. Ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano. Motsi da ƙara su ne jarinsa, in suka lalace ya zama kayan wasan yara. Iri uku ne suka fi yawo. Akwai mai baki, wanda fuskarsa ke da rami kamar cokali, yana tura ruwa ya yi ɓulum. Akwai mai rangaji, dogo kamar sigari, mai tafiya hagu da dama, irin Zara Spook da kamfanin Heddon na Amurka ya fitar a 1939 kuma har yau ake kwaikwayonsa. Sai mai farfela. Amurkawa don kifin tafkunansu suka ƙera su, amma tsagen Neja da na tafkin Kainji ma yana kai musu hari, haka tufi a cikin ciyawa. Haƙoran tsage kuwa su ne babban dalilin da zai sa ka koyi gyara, domin hari biyu ko uku sun isa su mayar da sabon kifi kamar wanda aka bi da ƙusa.

Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ga abu guda: yadda kifin yake zama a ruwa in ba a taɓa shi ba. Ƙugiya nauyi ce, zobe nauyi ne, ɗigon gam ma nauyi ne. Ƙaramin mai baki irin Pop-R bai wuce giram 7 ba, saboda haka rabin giram a inda bai dace ba yana iya kashe shi. Shi ya sa bokiti ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a wannan sana'a.

Kayan aiki

Bokiti mai zurfi, in da hali mai haske da za ka hango ciki ta gefe. Ƙaramar filaya mai tsinin baki. Sanfefa lamba 220, 400 da 600. Reza, basilla, sirinji, tsinken sakace, salatef. Sufa gulu, da gam mai haɗi biyu irin Araldite, amma ka nemi mai jinkirin bushewa, domin mai saurin nan na minti huɗu ko biyar yakan yi rawaya kuma ba ya jure ruwa sosai. Wayar dalma ta masu gyaran rediyo. In za ka samu ƙaramin sikeli irin na masu gwal, ka huta da kintace. Tina na masu fenti da man goge jan farce ka nisanta su da jikin kifin, cin roba suke yi.

Fara da duba, ba da gyara ba

Kafin ka cire komai, sa kifin a bokiti yadda yake, ka tsuguna ka kalle shi ta gefe, ka ɗauki hoto da waya. Wannan hoton shi ne shaidarka nan gaba in ka rikice. Ka auna nauyinsa ka rubuta. Sannan ka cire ƙugiyoyi, ka wanke jikin da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka girgiza shi kusa da kunne. In yana da 'yan ƙwallaye a ciki ya kamata ka ji kacau-kacau mai kaifi. In ka ji ƙarar ta dushe ko ka ji cakal-cakal, ruwa ya shiga.

Gano ɓula da toshe ta

Ka haɗa ruwa mai ɗumi daidai na wankan jariri, wanda hannunka zai zauna a ciki ba tare da ka ji komai ba. Danna kifin ƙasa da filaya ka riƙe kamar minti ɗaya. Iskar da ke cikinsa za ta buɗe saboda ɗumi, ta nemi hanyar fita, sai ka ga 'yan kumfa suna jerin gwano daga wuri ɗaya. Galibi wuri uku ne: layin da aka haɗa ɓari biyu na jikin, gindin kunnen da ƙugiya ke rataye, ko ramin haƙori. Yi alama da biro, ka fitar da shi tun ruwan bai huce ba, don in ya huce kifin zai zuƙi ruwa ta wannan ɓular.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a toshe ɓula alhali ruwa na ciki. Sai an fitar da shi tukuna. Ɗora bakin basilla a bayan kifin, ta sama inda ruwa ba ya yawan taɓawa, ka murza a hankali har ka huda ƙaramin rami. Zuƙe ruwan da sirinji, ka hura iska da shi sau da yawa, ka rataye kifin a inuwa mai iska kwana biyu ko uku. Da damina ka ƙara kwana. Kada ka shanya shi a kan kwano da rana, kada kuma ka bar akwatin kayanka cikin mota a rufe da bazara, zafin nan yana yin aikin da ruwan shayina ya yi.

In ya bushe, ka goge gefen tsagar da sanfefa 400 don gam ya sami abin kamawa. Tsaga siririya, ɗigon sufa gulu ya isa, da kansa yake bin ta. Rami kuwa, ka soka tsinken sakace da ka shafa wa gam mai haɗi biyu, ka yanke abin da ya fito da reza, ka rufe kansa da wani ɗigon. Bayan awa 24 ka daidaita da sanfefa 600, ka maimaita gwajin ruwan ɗumi. Kada ka tsallake maimaitawar, sau da yawa ɓula biyu ce, babbar ce ta ɓoye ƙaramar.

Na katako ciwonsa daban. Ba ya cika da ruwa, jiƙa yake yi, ya yi nauyi, fenti ya ɗaga, sukurun da ke riƙe ƙugiya ya fara girgiɗi. Kwance sukurun gaba ɗaya, bar katakon ya bushe mako guda, ɗura gam a ramin tare da siririn tsinke, ka mayar da sukurun ka daidaita fuskarsa tun gam bai kama ba. Duk inda katako ya fito fili ka shafa masa sufa gulu, zai sha ya taurare.

Ƙugiya da zobe

Ƙugiyar da tsatsa ta ci ba a lallaɓa ta, a yar. Sabuwar kuma kada ka zaɓe ta da ido kawai, ka ɗora tsohuwa da sabuwa a sikeli. Lambar ƙugiya tana tafiya a juye, lamba 6 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, kuma ko lamba ɗaya ce, mai kaurin waya ta fi nauyi. Ƙananan masu baki yawanci lamba 6 suke ɗauka. Bayan ka sa, ka karkata kifin gaba da baya, in ta ciki da ta wutsiya suna iya sarƙewa da juna, ko ta gaba tana kaiwa hanci ta kama zare, sun yi girma.

Wasu tsofaffin masu rangaji ƙugiyarsu kai tsaye take a jikin ƙarfen da aka ɗaure da sukuru, ba zobe a tsakani. Kifi in ya kama ya fara jujjuya kai, sai ya sami abin dogara ya ɓalle. Ka sa ƙaramin zobe, irin na makulli, tsakanin ƙarfen da ƙugiyar. Amma ka tuna ka ƙara nauyi da tsawo, sai ka sake duba sarƙewa.

Ga mai neman tsage, ni shawarata ka cire ƙugiya mai baki uku ta wutsiya ka sa mai baki ɗaya, mai ƙarfi, tsininta yana kallon sama. Bakin tsage ƙashi ne, mai baki uku tana raba ƙarfin fizga gida uku, ta karce ta fita. Mai baki ɗaya ta fi shiga ƙashin, kuma ta fi sauƙin cirewa daga bakin da ba ka son yatsanka ya kusanta. Sai dai ta fi sauƙin nauyi, wutsiya za ta ɗaga, wanda ya kawo mu ga babban aikin.

Zaman kifi a ruwa

Mayar da komai jikinsa, har da guntuwar wayar ƙarfe da ake sawa tsakanin zare da hancin kifin don kada haƙori ya yanke zaren, in kana amfani da ita, ka sake sa shi a bokiti. Wannan waya mutane ke mantawa. Su gyara kifi ya zauna daidai a gida, su je kogi su ɗaura masa waya mai kauri da babban maƙalli, hanci ya nutse, su ce kifin ba shi da kyau. Waya ta zama siririya, santimita 10 zuwa 15, ba tarkace a bakinta.

Mai baki ana so wutsiyarsa ta nutse, fuskarsa ta ɗaga, leɓen ƙasa yana taɓa ruwa ko ya ɗan shiga, sauran ramin yana waje. In ya kwanta shamal kamar gungume, fizga za ta sa ya yi tsalle ya wuntsila. In fuska ta nutse, zai yi nitso ya ja kumfa ba ƙara. Mai rangaji shi ma hanci sama wutsiya ƙasa, amma kaɗan. Gwargwadon nauyin wutsiyarsa, gwargwadon yadda zai riƙa juya kai da sauri a wuri ɗaya, kuma zai fi nisan jifa. Gwargwadon kwanciyarsa kuwa, zai fi zamewa da faɗi, ya tafi dama sosai kafin ya dawo hagu. Babu wanda ya fi wani. A bakin ciyawa ko gindin kututture, inda kake so ya daɗe a gaban kifi, mai nauyin wutsiya ya fi. A buɗaɗɗen ruwa mai zamewa ya fi jawo kifi daga nesa. Ka yanke shawarar wanda kake so kafin ka taɓa dalma.

Yanko wayar dalma kamar santimita 2, ka naɗe ta ka bubbuga ta yi fale-fale, ka manna da salatef a ƙasan ciki, tsakanin ƙugiyar ciki da wutsiya, a tsakiyar layi cif. Sa a ruwa ka duba. Matsar da ita baya kaɗan, ka sake dubawa. Wurin da take ya fi yawanta tasiri, saboda haka ka gama gwada matsarwa kafin ka ƙara wata. In kifin ya karkata gefe ɗaya, dalmar ta kauce wa tsakiya. In ka sami zaman da kake so, yi alama, ka cire salatef, ka kankare wurin kaɗan, ka manna ta da gam ka lulluɓe. Gam ɗin ma zai ƙara wani abu, don haka ka rage ɗan ƙaramin yanki daga dalmar kafin mannawa.

Akwai hanya mafi sauƙi wadda na fi so ga mai koyo: naɗa wayar dalmar a wuyan ƙugiyar wutsiya, zagaye uku ko huɗu. Ba huda, ba gam, in bai yi ba ka warware. Dalma guba ce, kada ka gatsa ta da haƙori, ka wanke hannu kafin cin abinci, kuma ka kawar da guntayen daga inda yara da kaji suke.

Sassaƙe bakin mai baki

Nan ne gyara yake zama gwaninta, nan ne kuma ake asara. Wani ƙwararren mai fatsa na jihar Texas, Zell Rowland, shi ya yi suna da wannan. Ya riƙa bin Pop-R na kamfanin Rebel da sanfefa, yana rage kaurin jikin da leɓen ƙasa, har kifin ya daina yin ɓulum mai zurfi ya koma feshin ruwa gaba, tsit-tsit, kamar ƙananan kifi in an koro su sama. Da shi ya ci wata babbar gasa a birnin Chattanooga na Amurka a 1986, daga nan kowa ya kama sanfefa.

Dalilin a fili yake. Ramin baki mai zurfi da leɓen ƙasa mai tsawo yana kamfatar ruwa da iska ya danna su ƙasa, shi ne ƙarar ɓulum. In ka rage leɓen ƙasa, ruwan ba ya samun wurin taruwa, sai ya fantsama gaba, kifin kuma ya fi saurin wucewa. A ruwa mai duhu ko mai igiya, ƙara mai zurfi ce ke kiran kifi, ka bar shi yadda yake. A ruwa kwantacce mai haske, da sanyin safiya, inda babbar ƙara ke firgitarwa, mai feshi ya fi.

Shimfiɗa sanfefa 220 a kan tebur ko gilashi, ka riƙe kifin ka goga leɓen ƙasa a kanta, a karkace zuwa baya, kada ka riƙe sanfefar a hannu don ba za ta ci daidai ba. Goga biyar, ka tsaya, ka kalli fuskar ta gaba ka tabbata gefe biyu sun yi daidai, ka gwada a ruwa. Bokiti ya yi kaɗan a nan, ka nemi kwarami ko tankin masu bulo, ka ɗaura zare a guntun sanda. Jimillar abin da za ka rage bai kamata ya wuce milimita ɗaya ko biyu ba. In za ka rage gefen jikin ma, ka riƙa ɗaga shi ga fitila, duk inda haske ya fara ratsowa fiye da sauran wurare, ka tsaya nan. Roba in ta tafi ba ta dawowa, kuma garin neman gira ake rasa ido. Kada ka fara da wanda ka fi ƙauna. In kana da biyu iri ɗaya, sassaƙe ɗaya ka bar ɗaya, ka sami murya biyu a akwati.

Gashi a wutsiya

Gashin wuyan farin zakara guda uku, tsawon santimita 3 zuwa 4, ka ɗaure a wuyan ƙugiyar baya da jan zaren ɗinki, ka ɗiga sufa gulu a kan naɗin. In mai baki ya tsaya cik, gashin na ci gaba da numfashi a ruwa, kuma a wannan tsayuwar ake yawan kai hari. Amma gashi birki ne. A jikin mai rangaji yana rage zamewa, in ya yi yawa ya hana shi juyawa sam. Ka jiƙa shi sosai kafin gwajin bokiti, busasshen gashi ƙarya yake yi.

Farfela da hanci

Farfela gwajinta hurawa ne. Riƙe kifin ka hura mata iska a hankali, in ba ta juya nan take ba, ko ta lanƙwashe, ko sukuru ya matse ta, ko datti ya cika ramin. Sassauta sukurun rabin juyi, ka wanke. Lanƙwasa fukafukan gaba yana ƙara ƙara da feshi, ya rage tafiya, mayar da su baya yana sa ya yi sulɓi. Duk abin da ka yi wa fiffike ɗaya ka yi wa ɗayan daidai.

In kifi yana jan gefe ɗaya kullum, duba ƙarfen hancin da ake ɗaura zare. Ka kama shi da filaya ka karkata shi zuwa gefen da kake so kifin ya koma, kaɗan ƙwarai, wanda ido da ƙyar zai gani. Lanƙwasawa za ka yi, ba murɗawa ba, murɗawa na buɗe hanyar ruwa. Sannan ɗaurin kansa: ƙulli mai matse hanci yana shaƙe mai rangaji, ka yi ƙulli mai barin ɗan zobe ko ka sa zoben ƙarfe. Zaren nailan na gama-gari da zaren saƙa ba sa jan hanci ƙasa, amma wanda ake kira fulorokabon nutsewa yake, bai dace da wannan aiki ba.

Fenti ba na ɓata masa lokaci. Kifi daga ƙasa yake kallo, ciki yake gani da inuwa. Farin jan farce a ciki, ɗigon ja a maƙogwaro, marar launi a kai shafi ɗaya, ya wadatar. In gam za ka lulluɓa masa don haƙori, ka shafa siriri, ka riƙa juya kifin a hannu har ya daina gangara, ka rufe shi da kwali saboda ƙurar hunturu, sannan ka koma bokiti.

Bakin ruwa

Ka tafi da filaya, dalma, salatef da guntuwar sanfefa. Jefa kusa, inda za ka ga komai, ka jira da'irar ruwa ta kwanta. Sanda tana kallon ƙasa, ka fizga da wuyan hannu, ka mayar da bakin sandar nan take don zare ya yi sako-sako. Wannan sakin shi ke ba kifin damar juyawa, kuma da yawa daga kifayen da ake zargi da lalacewa, hannun mai su ne bai saki ba. In za ka canza wani abu, ɗaya tak, ka yi jifa goma kafin na biyu.

Ranar da na fara kai wani mai baki da na sassaƙe gaɓar ruwa a Yauri, wani dattijo cikin Sarkawa yana gyaran koma a kan kwale-kwalensa, yana kallona ina jifa ina kwancewa ina naɗa dalma. Da ya gaji ya ce, "Ɗana, kifi ka zo kamawa ko wanka kake yi wa ɗan tsanarka?"

Na ce, "Baba, zamansa nake gyarawa."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya jujjuya shi, ya sa a ruwa gefen jirgi, ya danna wutsiyar da yatsa ya saki, ya kalli yadda ta dawo. Ya ce, "Gindin ya yi nauyi. Wanda aka sara ba ya tsayawa a tsaye haka." Na warware zagaye ɗaya na dalmar, na sake jefawa gefen wata ciyawa. A fizga ta huɗu ruwa ya tsage, zare ya miƙe, sannan ya saki. Da na jawo shi, gashin zakaran ya tafi, ga sabbin ramuka biyu a gefen hagu, ɗaya har yana fitar da kumfa.